Joe Russell, Mai Mashaya da Masunci: Mutumin da Ke Bayan Labaran Tekun Hemingway



Da wuya a yi zaman koyon rubutu a tashi ba a ambaci Ernest Hemingway ba. Ana kawo shi misali a kan gajerun jimloli, da rage surutu, da barin mai karatu ya gano wani abin da kansa. Yawancinmu mun san littafinsa The Old Man and the Sea, wato Tsoho da Teku, ko da ba mu karanta shi ba. Amma yau ba tarihinsa muka ɗauko ba. Tarihin wani mutum ne da ya tsaya a bayansa, wanda bai taɓa wallafa ko shafi ɗaya ba, amma shi ya fara ɗaukar marubucin a jirginsa ya kai shi ruwan da labarin ya fito. Sunansa Joe Russell, mai mashaya ne kuma masunci a wani ƙaramin gari da ake kira Key West a jihar Fulorida ta Amurka.

Mu faɗa tun farko, don kada wani ya yi mana gurguwar fahimta: ba tallar giya muka zo yi ba, matsayinta a wurinmu sananne ne. Tarihi muka zo karantawa, shi kuwa tarihi ba ya zaɓar mana mutanen da za su cika shi. Kuma yadda za mu yi rubutu a kan mutumin da ke da alheri bayyananne da aibi bayyananne, shi ne rabin darasin yau.

GARIN DA ARZIKI YA ƘAURACE WA

Key West tsibiri ne ɗan ƙarami a ƙarshen jerin tsibiran da suka miƙe daga kudancin Fulorida. Tsakaninsa da ƙasar Kuba kimanin mil 90 ne, ya fi kusa da Havana a kan Miami. A ƙarni na 19 garin ya yi kuɗi ta hanyar da za ta ba mu mamaki: jiragen ruwa suna yawan karo da duwatsun ƙarƙashin teku a yankin, mutanen garin kuma su fita ceto, kotu ta yanka musu kaso daga kayan da suka tsamo. Bayan wannan sai masana'antun taba sigari na Kubawa suka shigo, ga kuma sana'ar tsinto soson teku. A ƙidayar 1890 babu garin da ya kai shi yawan jama'a a duk Fulorida.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Fitilun da aka kafa don nuna wa jirage hanya suka rage haɗurra. Masu taba suka koma Tampa. Masu soso suka koma Tarpon Springs. Layin dogon da attajiri Henry Flagler ya shimfiɗa a kan teku ya iso garin a 1912, amma bai dawo da tsohon arziki ba. Zuwa 1930 mutanen garin ba su kai 13,000 ba. Da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, sai abin ya zama gaba kura baya sayaki: a 1934 hukumar garin ta bayyana cewa ta talauce, ta miƙa ragamarta ga gwamnan jiha, a lokacin kusan kashi 80 cikin 100 na mazauna garin da tallafin gwamnati suke rayuwa.

A wannan gari aka haifi Joe Russell, a nan ya tashi, ya san ruwan yankin kamar yadda ɗan unguwa ya san lungunan unguwarsu.

DOKAR HANA GIYA DA MASU JIRAGEN DARE

A watan Janairun 1920 dokar hana sarrafa barasa da sayar da ita ta fara aiki a duk faɗin Amurka, bayan an yi wa kundin tsarin mulki gyara na 18. A Kuba kuwa babu wannan doka. Ga gari cike da masunta marasa kuɗi, kowa da jirginsa, ga Havana tafiyar dare ɗaya. Ba sai an gaya wa mai karatu abin da ya biyo baya ba. Fasa-ƙwaurin barasa ya zama sana'a, Russell kuma yana cikin waɗanda suka yi suna a ciki. Yana da jirgi mai inji, tsawonsa ƙafa talatin da 'yan kai, sunansa Anita. Da shi yake kai baƙi su da rana idan an yi haya, da shi kuma yake ƙetare mashigin teku ya ɗauko kaya. A tudu yana da ɓoyayyar mashaya, irin waɗanda suka cika Amurka a shekarun nan.

A watan Afrilun 1928 Hemingway ya sauka a garin tare da matarsa Pauline, sun taso daga Faransa sun biyo ta Havana. Abokinsa marubuci John Dos Passos ne ya yi masa kwatancen wurin. Niyyarsu su karɓi motar da kawun Pauline ya saya musu su wuce, sai motar ta yi jinkirin isowa. Cikin jiran nan ya ci gaba da rubuta A Farewell to Arms da safe, da yamma kuma ya fita bakin ruwa. Jiran mota ya zama zaman shekara fiye da goma.

Akwai labarin da mutanen garin ke bayarwa har yau game da yadda abotarsu ta ƙullu. Wai Hemingway ya je banki da cekin dala 1,000 daga kamfanin da ke buga littattafansa, ma'aikatan suka dube shi da gajeren wando da igiya a madadin bel, suka ƙi amincewa. Russell ya karɓi cekin ya ƙirga masa kuɗinsa. A garin da dala ɗaya ke da wuyar gani, mutumin da ke zaman saɓa doka shi ya yarda da baƙon da banki ya ƙi yarda da shi. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

TAFIYAR MAKO BIYU DA TA ZAMA WATA BIYU

A watan Afrilun 1932 Hemingway ya ɗauki hayar Anita a kan dala 10 kullum, Russell na riƙe da sitiyari, suka nufi Havana da shirin yin mako biyu. Sai da suka shafe fiye da wata biyu. Abin da ya riƙe su shi ne wani ƙaton kifi da ake kira malin, mai dogon baki kamar mashi, wanda ke bin wata igiyar ruwa mai ɗumi da ke ratsa tekun kamar kogi a daf da gaɓar Kuba. Kama shi ba jefa fatsa a zauna ana hira ba ne. Idan ya haɗiyi ƙugiya yakan yi tsalle sama da ruwa, ya ja igiya ɗaruruwan ƙafa, ya nitse ƙasa. Mai riƙe da sandar fatsa yana fama da shi, mai tuƙi kuma dole ya riƙa juya jirgin daidai da motsin kifin, in ya yi kuskure igiya ta tsinke. Wato rabin nasarar a hannun direba take, direban kuwa Russell ne. A wannan tafiya Hemingway ya kama malin 19.

A Havana suka haɗu da wani dattijon masunci Bakube, Carlos Gutiérrez, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana wannan sana'a. Suka ɗauke shi aiki a jirgin. Hemingway ya riƙa tambayarsa yana rubutawa: yaushe kifin ke zuwa, me yake ci, yaya namiji da mace ke tafiya, wace iska ke kore shi. An riƙa kuma cika littafin tafiyar jirgin kullum, ana rubuta yanayin iska da ruwa da abin da aka kama. A 1933 suka sake komawa da Anita, a nan ya kama wani mai nauyin kilo 212. Maƙalarsa ta farko a mujallar Esquire, a fitowarta ta farko cikin 1933, a kan wannan su ɗin take.

A watan Afrilun 1936, a wata maƙalar a wannan mujalla, ya kawo cikin 'yan layuka labarin wani tsoho da ya kama ƙaton malin shi kaɗai a ɗan kwale-kwalensa, kifin ya ja shi kwana biyu, kifayen shak kuma suka cinye naman kafin a tsamo shi. Wannan ɗan sakin layi shi ne irin da ya tsiro bayan shekara 16 ya zama Tsoho da Teku. Mujallar Life ta buga shi gaba ɗaya a watan Satumban 1952, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 5 cikin kwana biyu. Ya samu kyautar Pulitzer a 1953, ya samu ta Nobel a 1954.

Mu lura da tsarin abin. Kafin kyauta akwai littafi, kafin littafi akwai maƙala, kafin maƙala akwai littafin tafiyar jirgi, kafin wannan kuma akwai mutumin da ya yarda ya bar harkokinsa wata biyu ya zauna a rana yana juya sitiyari don wani ya koyi abin da shi ya daɗe da sani.

RANAR DA AKA ƊAUKE MASHAYA A KA

An soke dokar hana giya ranar 5 ga Disamban 1933, kuma a ranar Russell ya buɗe mashayarsa a fili a titin Greene. Wurin ya sauya suna sau biyu kafin ya tsaya a kan Sloppy Joe's, sunan da aka aro daga wata shahararriyar mashaya ta Havana, ana kuma cewa Hemingway ne ya ba da shawarar. Ma'anarsa kusan Joe ƙazami, kuma mai wurin bai ji haushi ba. Ɗaki ne mai duhu, ƙasa kullum a jiƙe da narkakkiyar ƙanƙara, babu ƙofar da ake rufewa. Masunta, ma'aikatan jirgi, marasa aiki, 'yan yawon buɗe ido, duk a nan suke haɗuwa. Hemingway yakan zo da la'asar bayan ya gama rubutun ranar, ya zauna ya saurara.

A 1937 mai ginin ya ƙara kuɗin haya daga dala 3 zuwa dala 4 a mako. Russell ya ce bai san zancen ba. Ya sayi wani tsohon gidan abinci a kusurwar titin Duval a kan dala 2,500. Ranar 5 ga Mayu da tsakar dare, waɗanda ke zaune a mashayar suka miƙe, kowa ya ɗauki kujerarsa da abin da hannunsa ya kai, suka taka zuwa sabon wurin aka ci gaba da harka. Wannan ya nuna mana matsayinsa a wurin mutanensa. Ba kowane ɗan kasuwa ne abokan cinikinsa za su yi masa dako kyauta da tsakar dare ba.

ƊAYA GEFEN LABARIN

Da a nan muka tsaya, da mun rubuta yabo ne ba tarihi ba.

A tsakiyar shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta tura ɗaruruwan 'yan mazan jiya na Yaƙin Duniya na Ɗaya zuwa sansanoni a tsibiran da ke arewa da Key West, su gina hanyar mota. Da yawansu yaƙi ya taɓa musu lafiya da tunani, talauci kuma ya raba su da iyali. Albashinsu kusan dala ɗaya ne a yini. Idan aka biya su, wasu sukan gangaro Key West, kuɗin ya ƙare a mashayu, har da ta Russell, a tashi da faɗa da jini. Mutumin da ya canza wa baƙo cekin dala 1,000 shi ne kuma aljihunsa ke karɓar guminsu. Duka biyun gaskiya ne, kuma mutum ɗaya ne.

Ranar 2 ga Satumban 1935 mahaukaciyar guguwa ta afka wa sansanonin. Jirgin ƙasan da aka tura ya kwashe su ya makara, ruwa ya kifar da taragunsa. Fiye da mutum 400 suka mutu, sama da 250 daga cikinsu 'yan mazan jiyan nan ne. Hemingway ya je wurin da jirgi, ya ga gawarwaki, a ciki har da fuskokin da ya sani a mashaya. Ya rubuta zazzafar maƙala a mujallar New Masses yana tambayar wanda ya kashe su. Layin dogon Flagler ma daga ranar bai sake aiki ba.

Duk wannan ya shiga littafinsa To Have and Have Not na 1937. Tauraron littafin, Harry Morgan, mai jirgin su ne da wani baƙo ya yi hayarsa ya gudu bai biya ba, talauci ya tura shi fasa-ƙwauri, ya rasa hannu, daga baya ya rasa rai. Akwai kuma mai mashaya, Freddy, wanda 'yan mazan jiya ke dambe a wurinsa. Masu nazari sun daɗe da nuna cewa Russell yana cikin mutanen biyu: sana'ar dare da sanin ruwa a jikin Harry, mashayar kuma a hannun Freddy. Masu sharhi da yawa ba su yaba littafin ba, sun ce sassansa ba su haɗu ba. Amma wuraren da ke kan ruwa da cikin mashaya, inda marubucin ya zauna da ƙafarsa ya ji da kunnensa, su ne suka fi rai.

AMANAR AKWATUNA

A wannan mashaya, cikin Disamban 1936, Hemingway ya haɗu da 'yar jarida Martha Gellhorn, haɗuwar da ta kai ga mutuwar aurensa da Pauline. A ƙarshen 1939 ya tattara ya koma Kuba. Akwatunan takardunsa kuwa, da wasiƙu da hotuna da tsofaffin rubuce-rubuce, a ɗakin baya na mashayar Russell ya bar su.

An san Hemingway da ɓatawa da abokai. Ya yi wa Sherwood Anderson, wanda ya taimake shi tun yana farawa, shaguɓe da littafi sukutum. Ya ɓata da Gertrude Stein. Ya muzanta Scott Fitzgerald a cikin wani gajeren labari. Ya rabu da Dos Passos a kan yaƙin basasar Sifen. Amma da Russell, wanda ba marubuci ba ne kuma ba ya gasa da shi a komai, sun zauna lafiya har ƙarshe. Russell ya mutu a Havana a 1941, yana da shekara hamsin da 'yan kai.

Akwatunan suka ci gaba da zama a ɗakin nan fiye da shekara 20. Sai bayan mutuwar Hemingway a 1961 matarsa ta ƙarshe, Mary, ta zo ta buɗe su. Danshi da ƙwari sun taɓa wasu, amma da yawa sun tsira, yau masu bincike suna amfani da su. Mai mashayar ya riga ya mutu, amma ajiyar da aka ba shi ta kai hannun masu ita.

Har yanzu mashayar tana nan a titin Duval. Tun 1981 ake gasar masu kama da Hemingway a cikinta duk shekara, dattawa masu farin gemu su cika wurin. Fuskar da ke kan allon wurin da rigunan da ake sayarwa ta Hemingway ce. Mutumin da ya kafa wurin, rabin sunansa kawai ya rage a jikin bango. Tsoho da Teku kuwa, ga mawallafinsa Charles Scribner da editansa Max Perkins aka sadaukar da shi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Na farko, sanin abu kafin rubuta shi. Sau nawa muke sa tauraronmu ya zama likita ko matuƙin jirgin sama ko babban ɗan kasuwa, alhali ba mu taɓa zama awa ɗaya da mai wannan aikin ba? Shi ya sa mai karatu ke jin labarin babu gishiri. Hemingway ya shafe shekara 20 tsakanin tafiyarsa ta farko a Anita da fitowar littafin da bai kai shafi 150 ba. Gajerun jimlolin da muke sha'awa sun yi ƙarfi ne don abin da ke ƙarƙashinsu yana da yawa. Wanda ya kwaikwayi gajartar bai nemi sanin ba, fanko zai rubuta. Zuwa da kai ya fi aike.

Na biyu, bashin da ke kanmu. Kowane marubuci a cikinmu yana da nasa Russell: mai shayin da muke zama a teburinsa muna tsintar magana, direban da ya ba mu labarin hanya, kakar da ta ba mu tatsuniya, mai shagon da ya buga mana rubutu bashi. Muna ɗaukar maganarsu da halinsu, har da sirrinsu wani lokaci, mu sa wa littafi sunanmu. Me muka mayar musu? Ko sunansu a shafin godiya? Kuma idan mun juya mutum ya zama tauraron labari ta yadda duk unguwa za ta gane shi, mun nemi izininsa? Russell ɗan fasa-ƙwauri ne da abokinsa ya zuba sana'arsa a littafi duniya ta karanta. Shi dokar ta riga ta faɗi kafin littafin ya fito. Namu mutumin mai yiwuwa aurensa ko mutuncinsa ne a kan layi.

Na uku, adalci ga wanda ya mutu. Idan muka tashi rubuta tarihin wani, hannunmu yakan karkata ko dai ga yabo zalla ko ga suka zalla. Da mun ɓoye 'yan mazan jiya da albashinsu, da Russell ya fito kamar waliyyi, kuma da ƙarya muka yi. Da mun ɓoye ceki da jirgi da akwatuna, da ya fito ɗan giya kawai, wannan ma ƙarya ce. Aikinmu mu ajiye duka biyun a gaban mai karatu da hujja, mu bar shi ya auna.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: a nemi mutum ɗaya mai sana'ar hannu a unguwa, a nemi izininsa, a zauna da shi yini guda ana kallo ana tambaya. A rubuta shafi biyu a kan yadda yake aikinsa, da kalmomin da shi yake amfani da su, ba tare da an kira shi nagari ko mugu ba. Kafin a kawo mana, a fara karanta masa ya ji.

Allah Ya yi mana jagora, Ya sa alƙalumanmu su faɗi gaskiya. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.